Mai Gidan Gem

Duk wanda ya tashi a Kinkinau, ko Unguwar Mu'azu, ko Tudun Wada a Kaduna, daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa na 2000, ya san irin shagon da nake nufi ko ban faɗi layi ba. Ƙofa ɗaya, da labule mai kauri don kada hasken rana ya kashe hoto. Benci biyu ko uku. Talabijin mai ɗuwawu a kan teburin katako, na'urar wasa a ƙarƙashi cikin akwatin da aka datse da kwaɗo, wayoyin fad biyu sun leƙo ta huda. Silifas ɗin yara jibge a bakin ƙofa. Iyakar jarin ke nan. Sauran sana'ar a jikin mai shagon take, kuma ita ce ba a sayowa a kasuwa.

A Amurka, inda harkar ta fara zama kasuwanci, ba haka aka tsara ta ba. Nolan Bushnell, wanda kamfaninsa Atari ya fitar da Pong a 1972, ya lura cewa masu shagunan da ke ajiye injinan sun fi mai ƙerawa morar su. Sai ya buɗe nasa gidan a San Jose ta jihar Kalifoniya a 1977, ya sa masa suna Chuck E. Cheese's Pizza Time Theatre. Dabarar ita ce fiza na ɗaukar lokaci kafin ta gasu, yaro kuwa ba ya iya zaman jira. Aka jera masa injinan wasa masu cin kuɗin ƙarfe, aka kafa manyan 'yan tsana masu siffar ɓera da wasu dabbobi, iskar da aka matse tana motsa bakinsu da hannuwansu suna waƙa. A 1980 ShowBiz Pizza Place ta zo da nata ayarin makaɗan na roba da ƙarfe. A irin wannan gida inji ne ke karɓar kuɗi, shi ke ƙirga lokaci, shi ke sallamar yaro in ransa ya ƙare a Pac-Man ko Space Invaders.

Mu a lungunan Kaduna ba mu taɓa ganin ɓeran da ke waƙa ba, kuma injin mai cin sulalla bai kama ƙasa ba. Dalili ɗaya a fili yake: kuɗin ƙarfe ya mutu a hannunmu. Lokacin da wasannin suka iso unguwa, kwabo da sule sun zama tarihi, naira ɗaya ta ƙarfe ma tana shirin bin su. Ko da Babban Banki ya sake fito da sulalla a 2007, mai rake bai karɓa ba balle mai gem. Takarda ake miƙawa, biyar ko goma ko Murtala, dukunkune da gumin hannu. Tunda inji ba ya karɓar wannan, dole mutum ya zauna a gurbinsa.

Shi ya sa nake cewa mai gidan gem alƙali ne kafin ya zama ɗan kasuwa. Shi ke riƙe da layi a ka, ba littafi ba biro: wane ya biya, wane na bin bashin wasa ɗaya tun jiya da aka ɗauke wuta, wane ya ce yayansa zai zo ya biya kuma ƙarya yake. Dokar gidan a bakinsa take. Wani gidan wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama, abin da ke sa gwani ya wuni a kan benci da naira goma yayin da 'yan koyo ke ciyar da shi. Wani gidan kowa ya biya nasa. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, wanda ke gaba da ci biyu zai rantse an gama, wanda ke baya zai rantse yanzu ya fara kama hannu, duk idanu su koma kan mai shago. Hukuncin da ya yanke a wannan minti shi ke nuna ko yaran layin za su dawo gobe ko za su koma shagon gaba.

Sai gyara, wanda babu wanda ya koya masa. Zamanin kaset, wato kwafin Famicom ɗin Nintendo da ake shigowa da su daga Asiya, masu alƙawarin dubban wasanni a kaset ɗaya alhali Super Mario ne da Contra da 'yan kaɗan ake ta maimaitawa, magani ɗaya ne: a zare, a hura, a mayar. Sega ta zo da Sonic da Mortal Kombat da Street Fighter II, ta zo kuma da ɓarnar fad, don yaron da ke neman fitar da wutar Ryu ko igiyar Scorpion ba ya tausayin maɓalli. Mai shago ya koyi kwance fad, ya goge robar ciki, ya ciro ta wani mataccen ya dasa. Da PlayStation ta shigo, wadda Sony ta fitar a 1994 amma ta ɗauki shekaru kafin tsofaffinta su gangaro mana ta Alaba a Legas, sai ciwon ya koma kan idon da ke karanta faifai. Ƙurar hunturu ba ta bar shi. A goge da auduga, a kifa na'urar, a jingine ta a karkace, kowa ya yi tsit ana jiran tambarin ya wuce. Faifan asali kuwa sai dai labari. Na'urar da ba a sa wa cif don ta karɓi kwafi ba, ba ta da amfani a wannan sana'a.

Ƙwallo ce ta mayar da abin sana'ar da za ta riƙe gida. Wasan faɗa minti biyu ne an gama, kuma wanda bai iya ba ya gaji da shan duka. Winning Eleven na Konami kuwa, musamman a kan PlayStation 2, ya ba mai shago ma'auni mai kyau: wasa ɗaya, minti biyar ko goma, farashi ɗaya. Ya kuma zo daidai lokacin da Kanu ke Arsenal, Okocha ke Bolton, gidajen kallon ƙwallo na buɗewa a kowace unguwa. Yaron da ya kalli wasa ranar Asabar zai zo ya rama wa ƙungiyarsa ranar Lahadi. Mai sharhi yana ta zuba Japananci, babu mai jin ko kalma, amma kowa ya haddace kukan da yake yi in an ci. Aka yi ta rigima a kan wa zai ɗauki Brazil, a kan Roberto Carlos da wasu ke mayarwa ɗan gaba saboda gudu, a kan ƙafar hagun Adriano na Inter a wasan 2006, wadda har yau in aka ambata a majalisa sai ka ga magidanci ya yi dariya.

Kada a manta, mutum biyu ne kawai ke riƙe da fad. Sauran goma sha da ke cikin ɗakin kallo suke, suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, suna tsokanar wanda aka ci. Mai shago mai wayo ba ya korar su duka ko da ba su da ko sisi, don ya san gwani ba ya jin daɗin cin wasa in babu shaida. Abinci ma ba a rasa ba, sai dai ba na shagon ba ne: mai awara tana bakin ƙofa, mai gyaɗa na wucewa, mai shayi na tsallake.

Ban ce sana'ar ba ta da tabo ba. Canjin aike da yawa ya ƙare a can. An yi fashin Islamiyya, an yi na boko, an sa kuɗi a kan wasa a ɓoye. Iyaye na kallon mai gidan gem da ido ɗaya, wani lokaci da gaskiyarsu. Waɗanda suka daɗe a harkar su ne suka gane cewa zaman lafiya da unguwa ya fi cinikin awa ɗaya: ba a shiga da kayan makaranta, ana kashewa in an kira salla, yaro ƙarami ba ya wuce magariba.

Yau lissafin ya yi tsauri. Kowane matashi na da gidan gem a aljihu, daga Dream League zuwa Call of Duty. Shagon da ke son manya su zo sai ya sa PlayStation 4 ko 5, da faffaɗan talabijin, da fanka, kuma fad ɗaya na sabuwar na'ura ya fi ƙarfin cinikin kwanaki. Janareta da a da ake tayarwa ba tare da tunani ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai an ƙirga kawuna kafin a ja igiya. Wasu sun koma sola, wasu sun haɗa da cajin waya ko POS ko nuna ƙwallo, wasu sun sayar da benci sun kama wata hanya. Ranakun Sallah ne har yanzu kakarsu, lokacin da kuɗin barka da salla ke ƙaiƙayi a aljihun yara.

A Amurka ma Chuck E. Cheese ta kwashe 'yan tsananta daga kusan dukkan rassanta, ta bar ƙalilan, amma can begen wancan zamani ya zama kasuwa: masu tara kayan tarihi na sayen tsofaffin injinan suna gyarawa, wasan tsoro na Five Nights at Freddy's da aka gina kan irin waɗannan gidaje ya fito a 2014, fim ɗinsa ya biyo a 2023. Namu tsofaffin Sega da talabijin 'yan gwangwan ne suka auna su a kilo. Begen ya tsaya a baki, a majalisar dare, inda 'yan shekara arba'in ke gardamar wa ya fi iya bugun tazara a layinsu. Da yawa daga cikinsu yanzu su ne ke ɗaga labulen shagon unguwa da la'asar, fuska a murtuke, suna neman ɗan da aka aika sayen magi tun azahar.