Me ya sa wata na'urar kallo ke karɓuwa, wata kuma ta mutu a kasuwa?

A shekarar 1975 kamfanin Sony ya fito da na'urar bidiyo ta Betamax, bayan shekara ɗaya JVC ya kawo VHS. Da yawa na ganin hoton Betamax ya ɗan fi kyau, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya kawai yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, wato fim guda cur. VHS ne ya cinye kasuwa. Mutane ba su cika sayen na'ura don kyawun hoto ba, sun fi duba wahalar da za ta ɗauke musu.

Haka abin ya gudana a ƙasar Hausa. A kan kaset fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990. Da faifan CD ya zo, sai aka watsar da kaset, domin na'urarsa ta fi araha, kuma ba ta tauna zare. Daga baya waya ta kashe CD, duk da ƙanƙantar fuskarta. Dalili? Caji ɗaya ya isa a kalli fim ko babu wuta, masu tura fina-finai suna nan a kowace unguwa, sannan ba sai an yi rigimar rimot da 'yan gida ba.

Abin kallon ma yana jan mutane. Da Izzar So da Labarina suka samu gindin zama a YouTube, har waɗanda ba ruwansu da intanet sun koyi sayen data.

Nan ne talabijin mai intanet ke cin tuntuɓe. Kallon 4K a Netflix na iya lashe kusan 7GB a awa ɗaya, shi ya sa a gidaje da dama ana sayen babbar talabijin, a ƙare da soka mata filas. Ba laifi ba ne, amma an biya kuɗin abin da ba a mora.

Talabijin mai 3D ma ta sha talla bayan fim ɗin Avatar na 2009, sai dai dole a saka tabarau, ga ƙarancin abin kallo. A 2017 Sony da LG suka daina ƙera ta.