Yadda Za Mu Cire Filastar Ƙuraje Ba Tare Da Mun Ji Wa Fata Ciwo Ba

'Yan'uwa manoma, yanzu a kyamis na birane ana sayar da wata 'yar filasta zagayayya, girmanta bai wuce farcen ɗan yatsa ba, wadda samari da 'yan mata suke manna wa ƙurajen fuska. Yaranmu da ke makaranta sukan zo da ita gida lokacin hutu. Filastar tana da amfani. Ɓarnar da muke gani wajen cirewa take aukuwa, gama mutum yakan kama bakinta ya fizge da ƙarfi.

Bari mu fara da yadda take aiki. Asalinta domin miki aka yi irin wannan filasta a asibiti. Cikinta akwai wani abu mai tsotse ruwa. In an manna ta a kan ƙurjin da ya nuna, ya yi farin kai, sai ta riƙa shan ruwan da mugunyar, har tsakiyarta ta kumbura ta yi fari. Tana kuma hana ƙura da hannu taɓa wurin. Wannan na biyun ya fi muhimmanci a ganinmu, domin matsa ƙurji da farce shi ne ke barin tabo. Ƙurjin da ke can ciki, mai tauri, marar kai, filastar ba ta iya masa kome, asarar kuɗi ce kawai. Akan bar ta sa'a 6 zuwa 8, ko kuwa a manna da dare a cire da safe.

Ga yadda za a cire. A wanke hannu da sabulu tukuna, balle wanda ya taɓa taki ko maganin feshi. A tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwan ɗumi, a ɗora a kan filastar kamar minti ɗaya domin danƙon ya saki. Sa'an nan a ɗaga baki ɗaya a hankali. Da yatsa guda a danne fatar da ke kusa, da ɗaya hannun a riƙa jan filastar a kwance, tana bin fuska, sannu sannu. Kada a ja ta sama. Dalili kuwa, saman fatarmu yana da wani ɓawo siriri ƙwarai mai tsare ruwan jiki da hana ƙwayoyin cuta shiga. Idan aka fizge, danƙon yakan tafi da wannan ɓawo, wurin ya yi zogi ya yi ja. In ta ƙi fita, a ƙara ruwan ɗumi, a jira.

Abin da ya sa muka damu da wannan shi ne, baƙar fata tana saurin yin duhu a inda ta ji rauni. Ƙurjin zai warke cikin 'yan kwanaki, amma baƙin tabon yakan yi watanni. Daga nan sai yarinya ta nemi man bilicin domin ta goge tabon. Da yawa cikin waɗannan mayuka suna da magani mai ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, har ya jawo sababbin ƙuraje. Iyaye mata, ku lura da wannan.

Bayan an cire, a wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shanye ruwan da tsumma, ban da dirzawa da soso. Idan danƙo ya rage, a shafa ɗan basilin ko man gyaɗa, a goge a hankali, a wanke. Kananzir da fetur da lemun tsami da man goge baki duk suna ƙona fata, a bar su. Da hunturu fata takan bushe har ta tsage, saboda haka a bar wurin ya huta kafin a manna sabuwa.

Dokar nan ɗaya ce da ta filastar da muke sa wa saran adda ko yankan lauje. A jiƙa, a bi inda gashi ya kwanta, a ja a kwance. Jarirai da tsofaffi suna bukatar haƙuri fiye da kowa, gama fatarsu ba ta da kauri, filasta takan yage ta.

Wani jikin ba ya son danƙon sam. Za a gane haka in wurin ya yi ƙaiƙayi, ko kumburi, ko bororo daidai da siffar filastar. Mai irin wannan jiki ya daina sa ta. Maruru kuwa ba ƙurjin filasta ba ne. Idan ya fito a hanci ko a leɓen sama, kada a matse shi, domin jijiyoyin jini na wurin suna haɗe da na cikin kai, cuta tana iya bi ta can. In fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo tare da shi, a kai mutumin asibiti ran nan.