Farautar Tsuntsu Da Kare: A Nemi Ubangida Kafin A Sayi Ɗan Kwikwiyo

Duk wanda ya san karkarar ƙasar Hausa ya san yadda ake fita farauta da rani: ganga na tashi, samari na riƙe da gora da kere, karnuka na gaba, da zarar zomo ya zabura sai a rufa masa. Aikin karenmu gudu ne da kamu. Amma a Ingila da Jamus da Amurka akwai wata farauta wadda gwanintar kare a cikinta ita ce ya tsaya cik. Ita ce farautar tsuntsayen tudu, wato masu kiwo a ƙasa suna ɓuya a ciyawa, dangin makwarwa da salwa da zabon daji a wurinmu. A yau ina so mu duba yadda sabon shiga ke fara wannan sana'a a can, domin na ga darasi a ciki wanda ya shafe mu.

Ga yadda abin yake. Kare yana zaga fili yana shaƙar iska, maharbi na biye da shi da bindiga. Da ƙanshin tsuntsu ya bugi hancinsa sai ya daskare, hanci a miƙe yana nuna inda tsuntsun ya laɓe, har ubangidansa ya iso ya tayar da shi ya harba, sannan karen ya ɗauko ba tare da ya tauna ba. Wannan tsayuwa asalinta ɗan dakatawar da kowace dabba mai farauta ke yi ne kafin ta daka tsalle, sai masu kiwo suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen karnukan da suka fi daɗewa a tsaye suna haɗa su, har abin ya zama gado.

A matsayina na ɗalibin harshe, sunayen karnukan ne suka fara jan hankalina, domin wasu daga cikinsu bayanin aiki ne. Wanda ake kira poyinta ma'anarsa mai nuni. Seta kuwa mai laɓewa ne, kuma sunan ya samo asali tun kafin bindiga ta yawaita, lokacin da kare kan kwanta a gaban tsuntsaye a jefa raga a kansu. Likitan nan John Caius ya bayyana shi a littafinsa kan karnukan Birtaniya a 1570. Shi kuma sifaniyel ba ya tsayawa, kutsawa yake yi cikin sarƙaƙiya kusa da maharbi ya tayar da tsuntsu. An yi gasar gwada irin waɗannan karnuka ta farko a Southill ta Ingila a 1865, Amurka ta bi sahu a 1874 kusa da birnin Memphis.

To, a nan ne sabon shiga ke yin tuntuɓe. Yakan ga hoton kare mai kyau ya saya, alhali bai san ko filin da zai riƙa shiga buɗaɗɗe ne mai son kare mai nisan zango ba, ko kuwa kurmi ne mai son wanda ba ya nisa. Ga shi kuma kare kan yi shekara 10 zuwa 14 a raye, ka ga kuskuren rana ɗaya ya zama kayan shekaru. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa a fara bin masu karnuka daji na tsawon kaka guda ana kallo, kafin a kai hannu aljihu.

Horon kansa ma, idan an lura, koyar da harshe ne. Kalmomin ba su da yawa: zo, tsaya, ɗauko, saki, sai usur da alamar hannu. Amma ma'anar kalma a wurin kare tana rataye ne da muryar da aka faɗe ta da kuma daƙiƙar da aka faɗe ta. Yabon da ya makara da daƙiƙa biyar ya zama yabon wani aiki dabam. Littafi zai gaya maka kalmar, ba zai nuna maka lokacin ba. Wannan sai wanda ke tsaye a gefenka ya taɓa kafaɗarka ya ce yanzu. Misali mafi tsanani shi ne tsoron bindiga. Galibi mutum ne ke dasa shi, idan ya harba kusa da ɗan kwikwiyo ba shiri. Masana sukan bari sai karen ya shagala da bin tantabara, sannan wani ya harba ƙaramar bindiga daga nesa, a riƙa matsowa sannu a hankali cikin kwanaki, har ƙarar ta zame masa albishir. Karen da aka firgita kuwa, gyaransa kan ci watanni, wani ma ya tafi ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da bai iya ba karya shi yake yi.

Da can wannan ilimi daga uba yake zuwa ga ɗa. Da mutane suka koma birane sai igiyar ta fara tsinkewa. Ƙididdigar hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta nuna mafarauta miliyan 14.1 a 1991, suka koma miliyan 11.5 a 2016. Wannan ya dami hukumomi, domin tun daga dokar Pittman-Robertson ta 1937, harajin bindigogi da harsasai na cikin kuɗin da ake kula da dazuzzuka da shi. Saboda haka suka shiga ƙirƙiro iyayen gida ga waɗanda ba su gada ba. Jihar Pennsylvania ta soma shirin barin yaro ya yi farauta ƙarƙashin kulawar babba a 2006. Ƙungiyar NAVHDA, wadda aka kafa a 1969, tana da rassa a Amurka da Kanada da ke shirya ranakun horo, inda baƙo ke zuwa da kwikwiyonsa ya haɗu da gwanaye, kuma tana gwada baiwar karen da bai wuce wata 16 ba bisa mizani guda, ba tare da an ce wane ya kayar da wane ba.

Sai dai ƙungiya ƙofa kawai take buɗewa, samun ubangida kuwa sai da ladabi. Ƙa'idojin sanannu ne: ka zo da wuri, ka ɗauki kejin tantabaru, ka yawaita tambaya ka rage musu. Kada ka ba karen wani umarni. Kada bakin bindigarka ya kalli mutum ko kare, kada ka harbi tsuntsun da bai tashi sama ba. Uwa-uba, idan an kai ka wurin da tsuntsaye suke, amana ce. Wanda ya koma da abokansa a ɓoye ya rufe wa kansa ƙofa.

Mai karatu zai ga cewa babu baƙon abu a nan. Haka yaro ke bin maharbi yana ɗaukar masa jaka kafin a ba shi baka. Addininmu ma ya san darajar horarren kare, domin aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da ya kamo, malaman fikihu kuma suka ce alamar horo ita ce ya tafi idan an tura shi, ya tsaya idan an tsawata masa. Abin da ke damuna shi ne, Turawa sun ga igiyarsu na tsinkewa sun ɗaura, mu kuwa dazuzzukanmu na zama gonaki, wasu rashin tsaro ya hana shiga, dattawan da suka san kukan kowane tsuntsu da kirarin kowace dabba suna ta tafiya da kalmominsu. Ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai gidajen Sarkin Dawa da Sarkin Baka da na'urar ɗaukar magana tun masu ilimin na raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu dace.