Fijo 504: Tsohuwar motar da ta ƙi yin ritaya

Daga Kaduna har Maraɗi, ba kasafai ake ajiye tsohuwar mota don ado ba. Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, a bakin aiki ta tsufa. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, kuma daga 1975 kamfanin PAN ya shafe kusan shekara 30 yana harhaɗa ta a Kaduna.

Injinta ba ruwansa da kwamfuta, bakaniken ƙauye ma yana kwance shi ya mayar. Ga ta da jure gargada irin ta hanyoyin karkarar Tasawa da Mayahi.

Matsalar yanzu ita ce kayan gyara. Tun da aka daina ƙera ta, masu ita kan dogara da kayan kwance a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano: sai wata Fijo ta mutu wata ke tashi.