Tarar Ficewa: Wa Ya Fara Saɓa Alkawari Tsakanin Kamfanin Intanet da Mai Saye?

A watan Nuwamba na 2018, hukumar Ofcom mai sa ido kan harkar sadarwa a Birtaniya ta ci tarar manyan kamfanoni biyu a rana ɗaya: Virgin Media fam miliyan 7, EE kuma fam miliyan 6.3. Laifin nasu iri ɗaya ne. Mutanen da suka raba gari da su kafin wa'adin kwangila ya cika, sun tatse su kuɗin ficewa fiye da yadda ya kamata. A wajen Virgin Media mutum kusan 82,000 aka karɓe wa rarar da ta kusa fam miliyan 2.8, a wajen EE kuwa abin ya shafi mutum kimanin 400,000. Wannan hukunci a kan lissafin tarar da bayyana ta ga mai saye kaɗai ya tsaya. Tambayar da ta fi ci wa masu saye rai tana gaba: idan kamfani ne ya kasa kawo abin da ya sayar, da wane dalili zai nemi diyya daga wanda ya gaji ya tafi?

Ita kanta tarar tana da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Wanda ya sa hannu a kwangilar wata 18 ko 24, kamfani ya turo masa ma'aikaci, ya ja masa waya, ya ba shi na'urar rauta, sau da yawa kuma ya yi masa ragi a watannin farko. Duk wannan kuɗi ne da kamfanin ke sa ran fanshewa a hankali. Wanda ya fice a wata na huɗu don kawai ya hango mai araha a wani wuri ya bar shi da asara, kuma ba zalunci ba ne a nemi ya cike giɓin. Inda gizo ke saƙar shi ne, kwangilar mutum biyu ta ɗaure, amma hukuncin saɓa ta a wuyan mutum ɗaya aka rataya. Abin da ke kan mai saye a fili yake: kuɗi kaza, ranar kaza. Abin da ke kan kamfani kuwa an daɗe ana rubuta shi da lafazin da ba ya kamuwa. Kafin watan Mayun 2018, kamfani a Birtaniya na iya tallata saurin da kashi 10 cikin 100 na masu saye kaɗai ke samu. Sai daga lokacin aka wajabta cewa adadin da za a tallata ya zama wanda aƙalla rabin masu saye ke samu a lokacin cunkoso, wato ƙarfe 8 zuwa 10 na dare.

Dalilan rashin ingancin sanannu ne. Gidaje da yawa tsohuwar wayar tagulla ce ke kai musu intanet daga akwatin da ke bakin titi, kuma iya nisan gida da akwatin, iya raunin abin da ke isowa. Wani lokacin kuma kamfani ne ya ɗebi masu saye fiye da ƙarfin layinsa. Abin da ya ƙara wa rigimar zafi shi ne sauyin da aka samu tun 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da ofis da aji cikin ɗaki. Layin da ke yankewa a da kallon fim yake ɓatawa. Yanzu taron aiki yake ɓatawa, da jarrabawa, da ganin likita. Haƙurin mutane ya ragu saboda asarar ta zama ta abinci.

Duk da haka, akasarin mutane biya suke yi su yi shiru, kuma ba don sun gamsu ba. Tsoro ne. Wanda ya yi fushi ya hana banki cire kuɗin wata, kamfani zai rubuta shi a matsayin wanda ya ƙi biyan bashi, ya miƙa shi ga masu karɓar bashi, sunansa ya ɓaci a rajistar da bankuna da masu ba da hayar gida ke dubawa. Tabon yakan kai shekara 6 a Birtaniya. Ɗalibi ko ma'aikaciyar jinya da ba su daɗe da zuwa ƙasar ba, irin 'yan'uwanmu da ke zaune a Landan ko Manchester, su ne suka fi jin wannan barazana, domin yanzu suke gina sunan nasu. Haka tarar ke yin aikin da ya wuce fanshe asara: tana tsare mutum a wurin da ba ya jin daɗi, tana kuma rage wa kamfani dalilin gyarawa. Me zai sa ka gaggauta gyaran layin wanda ka san ba shi da hanyar fita?

Gyaran da ya yi tasiri na gaske bai zo ta hanyar roƙon kamfanoni su ji tausayi ba. Ya zo ne ta hanyar tilasta musu su faɗi adadi. Daga 1 ga Maris 2019, kamfanonin da suka amince da ƙa'idar Ofcom, ciki har da BT da TalkTalk da Virgin Media, dole su gaya wa mai saye mafi ƙarancin saurin da suka lamunce masa tun kafin ya sa hannu. Idan saurin ya faɗi ƙasa da haka, ya kai ƙara, aka yi kwana 30 ba a gyara ba, yana da damar tafiya ba tare da biyan ko sisi ba. Wata guda bayan haka aka fara biyan diyya kai tsaye: fam 8 a kowace rana idan layi ya mutu aka wuce kwana 2 na aiki ba a gyara ba, fam 25 idan ma'aikaci ya yi alkawarin zuwa bai zo ba. Jamus ta bi hanya mai kama da wannan a dokar da ta fara aiki 1 ga Disamba 2021, har ma ta ɗara, domin ta ba mai saye ma'aunin hukuma a hannunsa. Zai gwada layinsa sau 30 a ranaku 3 daban-daban da manhajar hukumar sadarwa, sakamakon kuma ya zama hujjar rage kuɗin wata ko soke kwangila. A ganina wannan shi ne mafi adalci a cikin duk tsare-tsaren, domin ya raba kamfani da matsayin mai sayarwa kuma mai riƙe da mudu.

Amurka ta fi dogara ga shari'a bayan ɓarna ta auku. Jihar New York ta kai kamfanin Charter kotu a 2017 kan saurin da ya tallata bai kawo ba, aka sasanta a Disamba 2018 a kan dala miliyan 174.2. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta yi ƙarar Frontier a 2021, kuma sulhun 2022 ya wajabta masa sanar da waɗanda ke samun ƙasa da abin da suka saya, ya bar su su fice kyauta. Daga Afrilu 2024 an tilasta wa manyan kamfanoni nuna farashi da sauri da tarar ficewa a takarda ɗaya mai sauƙin karantawa. Amma mutum ɗaya da ke rigima a kan dala 200 hannunsa a ɗaure yake, musamman tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2011 a shari'ar AT&T da Concepcion, wanda ya ba kamfanoni damar hana masu saye haɗa kai su shigar da ƙara ɗaya.

Ko a Birtaniya ma gyaran bai rufe duk ƙofofi ba, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba. Ƙa'idar saurin ta ganin dama ce, kamfanin da bai sa hannu ba ba ta hau kansa ba.  Sannan saurin da ake magana a kai shi ne wanda ya iso rauta, ba wanda ya iso wayar hannu a ɗakin sama ba, abin da ke ba kamfani damar ɗora laifi a kan bangon gida. Shi ya sa masu cin nasara a wannan rigima yawanci su ne waɗanda suka jona kwamfuta da rauta ta waya suka auna, suka ajiye kwanan wata da lambar kowane ƙorafi, suka ci gaba da biya suna jayayya a rubuce, har suka kai maganar gaban mai sasanci mai zaman kansa. Wannan aiki ne na mai ilimi da lokaci. Dattijuwar da ke zaune ita kaɗai da mai aikin dare ba su da ko ɗaya, kuma su ne tarar ke ci. Kwangilar wata-wata da babu tara a cikinta tana nan, sai dai ta fi tsada, don haka mai ƙaramin ƙarfi ne ke ƙarewa a doguwar.

A Najeriya da Nijar, inda akasari ake sayen data kafin a yi amfani da ita, tarar ficewa ba ta zama ruwan dare ba, amma asarar tana zuwa ta wata fuska. Lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a Maris 2024, kwanakin datar mutane sun ci gaba da ƙirguwa alhali layin ba ya aiki yadda ya kamata. Yayin da kamfanonin da ke ja wa gidaje da ofisoshi waya ke ƙaruwa a Abuja da Kano, tambayar wa ke aunawa da wa ke ɗaukar asara za ta iso teburin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC.

Giɓin da ya fi girma har yanzu shi ne na layin da ba ya mutuwa gaba ɗaya, ba ya kuma tsayawa. Yana yankewa na minti biyar sau da yawa a yini, ya dawo da cikakken sauri. Diyyar kai tsaye ta layin da ya mutu ce, damar ficewa kuma ta layin da ya yi rauni ce, shi kuwa wannan ya faɗa tsakaninsu, alhali shi ne ke rusa taron aiki da darasi. Kamfanoni suna da bayanin kowace yankewa a na'urorinsu. Matakin da ya rage wa hukumomi shi ne su wajabta miƙa wa mai saye wannan bayani idan ya nema, su kuma yanka adadin yankewar da idan aka wuce shi tarar ficewa ta faɗi.