Yadda Ake Kare Bangon Katako Daga Zafin Murhu

Da zarar hunturu ya kankama a Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai murhun itace da na gawayi su matso jikin bango don gudun iska. A Gyadi-Gyadi da Tarauni, har kewayen kasuwar waya ta Farm Centre, akwai rumfunan masu shayi, da shagunan cajin waya na katako, da ɗakunan da aka raba da filawud. Duk abincin wuta ne.

Yadda bango yake kamawa

Ba sai harshen wuta ya taɓa katako yake kamawa ba. Hucin murhu yana tafiya kai tsaye, kamar hasken tocila, ya sauka a kan abin da ke gabansa. Katakon da ya yi watanni yana shan wannan huci yakan bushe ƙayau, ya soma rikiɗa zuwa gawayi a hankali. Daga nan, zafin da bai yi masa komai ba bara zai iya tayar da shi bana.

Kuskuren da aka fi yi

Mutane da dama kan buga fallen kwano a jikin katakon da ƙusa, su ɗauka an gama. Ƙarfe kuwa ba ya tare zafi, ɗauka yake ya miƙa wa abin da ke manne da shi. Illa ma ya ɓoye ƙunar har sai ta yi nisa.

Abin da yake aiki

Sirrin shi ne iska. Ƙa'idar kashe gobara ta Amurka mai suna NFPA 211 ta ce a bar inci 36, wato kusan santimita 90, tsakanin murhun itace da bango mai cin wuta. Idan aka kafa kwano da ratar inci 1 tsakaninsa da bangon, tazarar tana iya saukowa zuwa inci 12, kusan santimita 30. Sharaɗin shi ne:

1. A tokare kwanon da guntayen bututun ƙarfe, ban da katako.
2. A bar ƙasansa da samansa a buɗe. Iska mai sanyi za ta shiga ta ƙasa, ta kwashi zafin ta fice ta sama, kamar yadda ramukan iska suke sanyaya laftof.
3. Kwanon ya fi murhun faɗi da tsayi.

Yadda ake gwadawa

Bayan awa ɗaya da hura wuta, a ɗora tafin hannu a katakon da ke kusa. In hannu ya kasa zama, tazarar ta yi kaɗan, a ja murhun baya. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga ma yana nunawa daga nesa.

A kuma nisanta waya da fawa banki, domin batirin lithium ba ya shiri da zafi. Kamfanin Apple ya ce iPhone ta fi son digiri 0 zuwa 35. Sannan kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa mai guba ba ta da wari, kuma tana kisa.