Kamfani ya rushe, faranti na kan rufi: ina makomar garantin shekara 25?

Ranar 5 ga watan Agustan 2024 kamfanin SunPower ya shigar da takardun karayar arziki gaban wata kotu a jihar Delaware ta Amurka. Washegari rana ta fito kamar kullum, farantan sola da kamfanin ya kafa a kan rufin dubban gidaje suka ci gaba da ba da wuta. Abin da ya shiga ruɗani shi ne takardar garantin shekara 25 da masu gidajen suka adana.

SunPower ba ƙaramin kamfani ba ne. Richard Swanson, malami a jami'ar Stanford, ya kafa shi a 1985, kuma a 2011 kamfanin man Faransa na Total ya sayi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinsa. Amma kuɗin ruwa ya hau a Amurka, bashin sanya sola ya yi wa magidanta tsada, sannan a watan Afrilun 2023 jihar Kalifoniya ta zaftare kuɗin da ake biyan mai gida idan ya sayar da rarar wutarsa. Ga kuma matsalar lissafin kuɗi a cikin gida. Daga baya kamfanin Complete Solaria ya sayi wani ɓangare na kadarorinsa a kan dalar Amurka miliyan 45.

Sayen kadara daban, ɗaukar tsohon alkawari daban. Mai gida ya wayi gari da kaya daga hannu uku: tun 2020 kamfanin Maxeon na Singafo ne ke ƙera farantan, ƙananan na'urorin juya wuta da yawa na Enphase ne, batirin SunVault da manhajar da ke nuna yawan wuta a waya kuwa na SunPower ne kansa. Kayan kamfanonin da ke raye suna da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Masu batirin su ne suka fi shan wahala.

Ba a kansa farau ba. SolarWorld na Jamus ya durƙushe a 2017, aka tayar da shi, ya sake faɗuwa a 2018, saboda ya kasa gogayya da arhar kayan Sin, ƙasar da ke ƙera sama da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya.

Labarin ya shafi Nijar. Tun da Najeriya, wadda a lokacin take bayar da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar, ta yanke kuran a watan Agustan 2023, kasuwar pano ta buɗe a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ƴan ci-rani da dama sola ce babbar hidimar da suke yi wa iyaye a gida. A cikin kayan da ke kasuwa akwai sababbi, akwai na hannu, kuma sunan da ke manne a baya ba ya nuna ko kamfanin na nan da rai.

Sai dai faranti kansa ba shi ne abin tsoro ba. Babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma mai kyau yakan rage ƙarfi da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai a shekara. Shi ya sa kamfanoni ke iya alkawarin cewa bayan shekara 25 zai ba da wajen kashi 80 na ƙarfinsa na farko. Wannan garantin ƙarfi ke nan. Garantin lalacewar kaya, kamar shigar ruwa ko ƙonewar akwatin wayoyi na baya, daban yake, kuma sau da yawa shekara 10 zuwa 12 ne. Masu sayarwa sun fi son ambaton na farko.

Abin da ke riga mutuwa shi ne inbata, wadda ba ta cika wuce shekara 10 zuwa 15 ba, sai kuma batir. Batirin dalma ba ya shiri da zafi: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Tawa ya san abin da hakan ke nufi ga batirin da aka kulle a ɗakin kwano marar taga.

A nan darasin SunPower ya fi ƙarfi. Faranti na gama-gari yana aiki da inbata ta kowane kamfani muddin ƙarfin wutarsu ya dace, kuma mai gyara na unguwa zai iya musanya shi. Tsarin da aka ɗaure da manhaja da batirin kamfani guda kuwa, ranar da kamfanin ya rufe ƙofa, gyaransa ya zama aiki. Ga mai saye a Nijar, garantin da zai iya bi a zahiri shi ne na ɗan kasuwar da ya sayar masa, in an rubuta a rasit tare da lambar kowane faranti. Kai ƙara Delaware daga Damagaram ba abu ne mai yiwuwa ba.

Kafin a biya kuɗin faranti na hannu, a fitar da shi rana da tsakar rana, a sa mita a auna wutarsa, a kwatanta da alƙaluman da ke rubuce a takardar bayansa. A duba gilashi ko ya tsage, a duba ko akwai tabon ƙuna ko fatar baya ta fara ɓarewa. Farantin da aka kankare masa lamba, a bar wa mai shi abinsa.